Rufin da Ubaldo Ya Shafa wa Fenti

Akwai wani mutum a garin Zapala mai suna Ubaldo Ferreyra. Yana da shagon kayan gini da na gona a bakin titi, yana kuma da bakin da ba ya raga wa kowa.

A bayan gidansa akwai wata tsohuwar tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a tafi hutu bakin tafki. Rufinta ya daɗe da tsagewa. Ruwa ya ci katakon ciki har in ka danna da yatsa sai ya lotsa.

Kafinta ya duba ya ce sai an kwaye rufin gaba ɗaya. Ubaldo ya yi dariya ya sallame shi. Ya ɗauko danƙo daga shagonsa ya cike tsagar, ya bi da farin fenti, ya manna sabon fallen katako daga ciki. Cikin kwana biyu tirela ta koma kamar amarya.

Matarsa Nélida ta leƙo ta ce, "Wa za ka sayar wa wannan?"

Ya ce, "Duk wanda ya zo saye bai zo da tsani ba."

Wanda ya zo ɗin shi ne Cipriano Huenchul, mai kafa shingen waya a gonakin tumaki. Mutum ne mai sanyin magana. Ya zo da matarsa Delfina, wadda ke bin sa daji tana yi masa girki. Ta shiga tirelar tana shafa labule, tana buɗe 'yan akwatunan kicin tana murmushi.

Cipriano ya cire hula ya ce, "Maigida, abu ɗaya zan tambaya. Matata tana da ciwon ƙirji, sanyi da danshi ba sa yi mata. Shi ya sa muke son barin tanti. Rufin nan ba ya yoyo?"

Ubaldo ya bubbuga bangon da tafin hannu. "Ɗan'uwa, wannan ta fi ɗakin kwanana ɗumi. Ba don madam ta gaji da yawo ba, da ba ka same ta ba."

Cipriano ya sayar da dokinsa ya cika kuɗin. Suka ja tirela suka nufi wata gona a gindin duwatsu.

Mako uku bayan haka ƙanƙara ta sauka kwana biyu ba tsayawa. Da hantsi, Cipriano yana can bakin shinge, rufin ya rufta. Ruɓaɓɓen katako da ruwan ƙanƙara suka zubo wa Delfina a kan gado. Hanya ta toshe. Sai da suka kwana biyu a ƙarƙashin tamfol da jiƙaƙƙen bargo kafin motar gona ta iya fitar da su zuwa asibiti.

Ranar Lahadi Cipriano ya je gidan Ubaldo. Ya same shi da abokansa a tsakar gida suna gasa haƙarƙarin saniya.

Ya cire hula ya ce, "Maigida, ba rigima na zo yi ba. Delfina na kwance, huhunta ya kumbura. Ka taimaka mini da kwano da katako daga shagonka, ni zan yi aikin da hannuna, don ta sami inda za ta kwanta in an sallame ta."

Ubaldo ya ci gaba da juya nama. "Ni na saukar da ƙanƙarar?"

"Ka ce mini ba ya yoyo."

"Ranar da na faɗa ai rana ake yi." Abokan suka yi dariya. Ya yanko ƙashi mai ɗan nama ya miƙa masa a bakin wuƙa. "Ungo, kai wa mara lafiya, kada a ce ka zo gidana ka tafi hannu wofi. Gobe in za ka sayi abu, ka riƙa ɗaga kai sama."

Cipriano ya dubi ƙashin, ya mayar da hularsa, ya fita.

Washegari da Ubaldo ya zo buɗe shago, sai ya ga tirelar a tsallaken titi, daidai ƙofarsa. An ɓare fallen ciki an jingina a waje. Cipriano na zaune a kan wani kututture. Bai rubuta komai ba, bai kira kowa ba. Wanda ya tsaya ya tambaya, sai ya ce, "Shiga ka gani."

Mutane suka shiga. Suka ga baƙin katako yana marmashewa, suka ga sabon danƙo a cikin tsohuwar tsaga, suka ga jiƙaƙƙiyar katifar da Delfina ta kwanta a kai. In sun fito sai su kalli shagon Ubaldo, su wuce. Ubaldo ya kira 'yan sanda, suka ce titi na kowa ne. Ɗayansu ma ya shiga ya gani.

A rana ta huɗu Nélida ta tsallaka da kanta. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta bi ta shago ba. Ta je gida ta haɗa jakarta, ta hau bas zuwa wurin 'yar'uwarta a birnin Neuquén.

Nan ne jikin Ubaldo ya yi sanyi, ba don tausayi ba, sai don ganin shago ya zama fayau. A rana ta shida ya loda sabon kwano da katako a mota, ya tsallaka yana murmushi mai faɗi don masu wucewa su gani.

"To, ga shi, ɗan'uwa. A bar maganar haka. Yaya jikin madam?"

Cipriano ya miƙe a hankali. "Da asuba ta rasu."

Ubaldo ya juya ya dubi kwanon da ke motarsa.

"Ranar Lahadi na roƙe ka wannan. Yau ba ni da wanda zan rufa wa." Cipriano ya ajiye makullin tirelar a kan kwanon, ya kama hanyar asibiti a ƙafa.

Ubaldo ya je wurin zaman makoki, don kada a ce bai je ba. Maza na zaune a da'ira, ƙoƙon shayinsu na gargajiya da ake kira mate yana zagawa daga hannu zuwa hannu kamar kullum. Da ya zo kansa, tsohon da ke zubawa ya miƙa hannu ta gabansa ya ba na kusa da shi. Zagaye na biyu ma haka. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya dube shi.

Kafin bazara ya rufe shagon. Har yau yana garin, yana gaida mutane a titi, suna duba agogo.

Darasi: Aibin da ka ɓoye a cikin abin sayarwa ba ya tsayawa a kan kaya, a kan ɗan Adam yake faɗowa. Faɗi gaskiyar abin da ke hannunka ko da farashi zai sauka, kuma in wanda ka cuta ya dawo yana roƙo, gyara a ranar, don akwai gyaran da in ya makara ba shi da amfani. Ku tura wa duk mai saye da sayarwa da kuka sani.