Gorar Asisi Ba Ta da Dakali

Dalilin da ya sa in za a rataya wa asisi gorar sheƙa ake huda mata ƙofa 'yar mitsil, kuma ba a sa mata ko tsinken tsayawa, ku matso in gaya muku. Ke amaryata, bar sosa kai, ai ba a gado kika samo ƙwarƙwata ba. Ni da kuke gani, a zamanin nan ina jin maganar tsuntsaye fiye da yadda nake jin ta kakarku. Zaki ma sai da ya taɓa ba ni hanya, amma wannan wani zance ne.

A da can, tun garin nan bai san kwano a kan ɗaki ba, sai jinka da rumbuna, akwai wani tsoho gyartai mai ɗinkin ƙwarya, sunansa Nomau. Matarsa Lanti ta rasu ta bar shi shi kaɗai. Tun tana raye, in ta yi sussuka ko bakace, sai ta watsa tsaki a gindin turmi, 'yar tsuntsuwar nan shuɗiya, asisi, ta sauko ta ci. Shuɗin jikinta sak zanen Lanti na rini da ya sha wanki. To da Lanti ta tafi, asisi ba ta daina zuwa ba. Ita kaɗai ce ke sa tsohon nan ya buɗe baki da safe.

Ran nan hadari ya fara haɗuwa, sai asisi ta sauka a bakin turmi ta ce, "Baba Nomau, sallama na zo yi maka. Damina ta zo, ba ni da inda zan yi ƙwai. Daji zan koma."

Nomau ya miƙe tsaye. Ya ce, "Haba 'yar nan! Ina gyartai a ce kin rasa ɗaki? Ki ba ni zuwa gobe."

Ya ɗauko gora mai kyau, ya yashe cikinta, ya yanka mata ƙofa wargajejiya irin ta zauren mai gari. Ya duba ya ce gida ba ya zama gida in babu inda baƙo zai zauna. Sai ya soka kara a ƙarƙashin ƙofar, wai dakali. Ya rataye gorar a jikin rumbu, inda zai riƙa ganinta daga tabarmarsa. Asisi ta shiga, ta yi shimfiɗa, ta zuba ƙwayayenta.

To akwai gwara. Kun san gwara, ɗan kan rumbu, ga tumbi ga surutu. Ya zo ya ɗare kan dakalin nan ya gyara zama.

"Salamu alaikum, masu gida! Ina kwana? Ina gajiya? Ya gida? Ya ƙwai? Ya sanyin jiya? Ya kwana biyu?"

Asisi mai kunya ce, ta yi ta amsawa, lafiya lau, lafiya lau. Da gaisuwa ta ƙare gwara ya ce, "Kai, wannan ɗaki ya tsaru. Bari in leƙa in sa albarka."

Ya leƙa da kai. Kai ya ja kafaɗa, kafaɗa ta ja tumbi. Kafin azahar ya kira matarsa, sun turo ƙwayayen asisi ƙasa, tas tas, duk sun fashe.

Nomau ya fito da sanda. "Kai gwara, ɗan banza! Haka ake baƙunta a gidanku?"

Gwara ya leƙo ya ce, "Tsoho, yi a hankali kada ka faɗi. Na yi sallama ko ban yi ba? An amsa ko ba a amsa ba? Wa ya ajiye dakali? Ni na ga wurin baƙi na zauna."

Asisi kuwa tana kan danga, ko kuka ba ta iya yi. Can ta ce, "Baba, na gode da ƙoƙari. Amma ka yi mini gida irin naku na mutane, ni kuwa ba ni da ƙarfin korar baƙo. In za ka sake, ka tsuke ƙofar daidai jikina. Ka cire dakalin. Kuma ka kai ni nesa da rumbu."

Nomau ya ce, "Gida ba dakali? Me za a ce da ni a gari? A ce Nomau ya gina gidan rowa?" Sannan ya faɗi abin da ke cinsa. "In na kai ki nesa, wa zan gani da safe?"

Ta ce, "In ka bar ni nan, ba za ka ga 'ya'yana ba har abada."

Tsoho ya zauna ya daɗe yana kallon turmin Lanti. Sai ya jawo wata gora. Ya dangwala babban yatsansa a toka ya buga a jikinta, ya bi shatin da wuƙa, bai ƙara ko ƙwayar gero ba. Ya huda 'yan ramuka a gindi da basilla saboda ruwan sama ya tsiyaye. Hannunsa ya kai kan kara sau biyu, yana janyewa. Ya saɓa gora, ya tafi da sandarsa har bakin gona, ya rataye ta a reshen aduwa cikin ƙaya.

Gwara ya ji labari, ya biyo. Ya zo ya duba, ba wurin sa ƙafa. Sai ya tsaya a iska yana fuffuka.

"Salamu alaikum! Ina kwana? Ina ga... ina gaji..."

Fukafukai suka gaji kafin gaisuwa ta kai rabi. Tim! Sai ga shi a ƙasa. Ya tashi ya sake, ya sake faɗowa. Ya fusata ya cusa kai ba sallama, tumbi ya ce ai ni ban san zancen ba. Asisi kuwa daga ciki ta ce, "Malam gwara, ka ƙarasa gaisuwar mana, ina jinka."

Nomau ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Rabonsa da dariya tun Lanti.

Daga ranar, kullum da sassafe sai ka ga tsohon nan yana dogara sanda zuwa bakin gona da tsaki a aljihu. Gindin turmi ya yi shiru, amma kafin kaka 'yan shuɗaye suka cika aduwar nan, suna sauka har kan gwiwarsa. Kai yara, ku ba ku ga garin nan ba lokacin. Yanzu duk kun bi su da danƙo.

Shi ya sa har yau mai hankali in zai rataya wa asisi gora, yakan auna ƙofar da babban yatsa, ya hana ta dakali, ya kai ta nesa da hatsi. Shi kuwa gwara, ku saurare shi gobe a kan indararo yana ta ciri-ciri ba mai amsa masa. Gaisuwar nan ce yake son ƙarasawa.