Babur Ya Yi Mini Kaɗan

Shekara talatin na yi ina koyarwa, ba a raina mini hankali. Na sayi babur na hannu wurin Alhaji Ɗanlami, shugaban dillalai. Ina hawa gwiwoyina suka tokare hannun babur ɗin, sai na mayar masa.

Ya ce, "Malam, zan canja maka, in ka kawo wanda ya fi ka tsawo ya shaida ya yi kaɗan."

Ya san duk garin babu.

Na ce, "Alhaji, ranar ciniki ka rantse mai shi na farko ya fi ni tsawo. Kira shi ya shaida."

Ya sosa ƙeya. "Ai ya yi tafiya."

"A ƙafa? To zan jira shi a kujerarka."

Kafin azahar aka turo mini babba.