Ranar da Kifin Baba Suka Yi Lasar-Sama

Akwai wani saurayi da ma'aikatan gonar kifin mahaifinsa suke kira Manaja. Ilimi kam yana da shi, don shekara huɗu ya yi yana karatun kiwon kifi. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da bai gani a littafi ba, a wurinsa shirme ne.

Tafki uku ne a gonar. Na ukun shi ne ran Baba, domin a nan iyayen kifi suke. Shekara goma sha tara yana zaɓen masu ƙwari yana haɗa su, har ya samu irin da babu shi a kasuwa. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a gida, sai ya miƙa wa ɗansa makullai, ya ce ya riƙe masa tafki na uku amana.

Tun kafin a haifi Manaja, ƙanwar Baba, wadda kowa ke kira Gwaggo, take aiki a gonar. Ita ce ta lura cewa tasowar kifi saman ruwa iri-iri ce, amma kalma ɗaya ake da ita. Sai ta raɗa wa kowace suna. In sun taso suna ribibi don yunwa, barka-da-kwano ke nan. In suna juyi kamar sun bugu saboda cuta, rawar-maye. In kuwa sun jeru shiru suna buɗe baki domin iskar cikin ruwa ta ƙare, wannan ita ce lasar-sama. Da an faɗi kalmar, kowa ya san inda zai ruga.

Ranar da Manaja ya fara jin waɗannan sunaye, sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Gwaggo, wane ƙamus kika samo wannan? Kifi ne ke lasar sama?"

"Ɗana, ƙamus bai taɓa kwana a bakin tafki ba," in ji ta. "Zauna in nuna maka bambancinsu, ba zai ɗauke ka rabin awa ba."

"Bar shi kawai. Daga yau a riƙa yi mini magana irin ta masu hankali."

Bai zauna ba, bai kuma tambaya ba. Ya manna doguwar takarda a bango cike da sunayen da ko Dogo, mai ba kifi abinci, bai iya furtawa ba. Sannan ya kulle ɗakin injin da ke hura iska cikin ruwa, ya jefa makullin a aljihu, wai ana ƙona mai ba bisa ƙa'ida ba.

Wata safiya, bayan kwana biyu ana hadari da zafi ba iska, Manaja ya tafi wani taro cikin gari inda aka gayyace shi ya yi jawabi. Yana tsaye cikin manyan baƙi sai wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗana, tafki na uku lasar-sama suke yi!" Muryar Gwaggo ce. "Ina makullin inji?"

Ya ga mutane suna kallonsa, kunya ta kama shi, sai ya ɗaure fuska.

"Gwaggo, ban hana wannan yaren ba? Sun taso ko ba su taso ba?"

"Sun taso, amma ba irin tasowar da kake zato ba ce. Iska ce ta..."

"Kifi in ya taso da safe yunwa yake ji. Ba Dogo wayar."

Ya umarci Dogo ya zuba buhun abinci guda, ya ce in ya dawo bai ga an zuba ba, ya nemi wani aikin. Daga nan ya kashe wayar gaba ɗaya, ya hau mumbari, ya yi jawabi mai daɗi har aka tafa masa.

Gwaggo ta hana, ta roƙa, amma Dogo yana da 'ya'ya biyar, ya zuba. Abinci a ruwan da babu iska kuwa ƙara wa wuta mai ne. Da ta ga abin ya ƙazanta, sai ta ɗauko taɓarya ta fasa kwaɗon ɗakin inji da hannunta. Injin ya tashi, amma an makara.

Da azahar Manaja ya dawo da takardar yabo a hammata. Ya tarar da tafki na uku ya yi fari fat da cikin matattun kifi. An ɗauko Baba a mota, yana zaune kan kujera a bakin ruwa, sandarsa a kan cinya.

Can ya ɗaga kai ya dubi ƙanwarsa.

"Wace iri ce?"

"Lasar-sama, Yaya."

"Kin faɗa masa?"

"Da bakina."

Baba ya juya ga ɗansa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba.

"Kalma ɗaya aka ba ka, wadda za ta ceci aikin shekara goma sha tara. Ni dai ba ni da wasu shekarun da zan sake tarawa."

Manaja ya durƙusa yana hawaye. Shi da Dogo suka haƙa rami a bayan gona, suka yi ta kwasar kifi da kwando har dare. Ko guda ɗaya bai tsira ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kalma ba daga littafi take fara fitowa ba, daga buƙata take fitowa. Idan masu aiki suka ga abin da ba shi da suna suka raɗa masa, ba jahilci suka yi ba, ilimin shekaru suka ƙulle a ɗan ƙaramin ƙunshi don ya yi saurin isa kunne. Kafin ka yi wa sabuwar kalma dariya, tambayi mai ita abin da take nufi. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma wanda ya raina bakin mutanensa, ranar da suka yi masa ihun gargaɗi ba zai gane ba.