Asabar Ɗin da Alhaji Maikano Ya Soke

An ce a wani kamfani mai ajiye wa asibitoci bayanan jini a intanet, akwai wata tsohuwar manhaja, shekararta goma sha biyu tana aiki. Ƙa'ida ce duk Asabar ɗin farkon wata a tsayar da ita awa uku a duba ta. Shugaban kamfanin, Alhaji Maikano, ya soke Asabar ɗin nan sau huɗu a jere, wai asibitoci na ƙorafi. Ni dai ban taɓa ganin ganganci irin wannan ba.

Ran da ya soke ta biyar, Injiniya Ladidi mai kula da manhajar ta faɗa ofishinsa rai a ɓace, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, so kake ka zama Barau mai soro." Ya ɗaure fuska ya ce ta ba shi labarin.

Ta ce an yi wani attajiri, Barau, mai tsohon soro na ƙasa. Kowace shekara kafin damina magini Tanimu kan zo ya yi masa yaɓe. Wata shekara Barau ya kore shi, wai laka na ɓata masa tsakar gida, kuma soron da ya shekara arba'in a tsaye me zai same shi? Tanimu ya fusata ya ce, "To saurari abin da gara ta faɗa wa 'ya'yanta."

Tanimu ya ce wata gara ce ta fita nema wa 'ya'yanta masauki. A gidan farko suka ji hayaniyar magina, ta ce su wuce. Gida na biyu shiru, maigida na alfahari bai taɓa leƙa rufinsa ba. Ta ce, "Nan za mu tare. Wanda ya ce lafiya lau bai duba ba, shi ne mai masaukinmu."

Barau ya yi tsaki ya shige. Da marka ta sauka, soron ya rufta a kan ɗakin mahaifiyarsa, da na sani kuwa ƙeya ce.

Ladidi ta dafa tebur ta ce, "Awa ukun da muke zaɓa, asibitoci sun san da su, suna tanadar jini. Ran da manhajar nan za ta faɗi da kanta, ba za ta yi sallama ba. Kuma Hindatu, 'yarka mai sikila, sunanta na ciki."

Maikano ya jawo kalanda. Sannan ya zagaye Asabar. Ya ce, "Je ki yi yaɓenki, Injiniya. Duk mai ƙorafi ki turo min shi."