Gambar Da Ke Tafiya

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna ji!

An yi wani manomi, Jatau, fari ya koro shi daga arewa da matarsa Tabawa da 'ya'yansu. Suka sauka a wani ƙauye mai gida bakwai, a gindin tudu. Sarkin Noma ya yanka masa gona a kwari, ya ce, "Al'adarmu ke nan: baƙo in ya cika rumbu a cikin damina uku, ya zama ɗan gari. In ya kasa, ya yi gaba."

Sama da gonar Jatau akwai gonar Kurege, ta sha taki har ta yi baƙi. Iyakarsu layin gamba ne, wadda kakanni suka shuka tun saran daji.

Kurege kuwa, kai! Idonsa ba ya ƙoshi. Damina ta farko ya tumɓuke gambar, ya dasa ta cikin gonar Jatau.

Jatau ya ce, "Maƙwabci, gonata ta rage."

Kurege ya ce, "Gamba ce ke tafiya, ba ni ba."

Jatau ya haɗiye, don baƙo ba shi da baki. Rumbu bai cika ba.

Damina ta biyu, haka. "Gamba ce ke tafiya, ba ni ba."

Ta uku ma ya ƙara. Saura ɗan fili kamar shimfiɗar tabarma. Tabawa ta fashe da kuka, ta ce, "Malam, mun sake ɗaukar kaya ke nan? Ƙafafun yaran nan sun gaji!"

Ran Jatau ya ɓaci ƙwarai, amma ya ce, "Bari in yi abin da zan iya." Ya ja kunyoyinsa a gicciye, manya-manya, yadda ake yi a garinsu don tare ruwa.

Sai sama ta ɓalle. Ashe tsohuwar gambar nan ita ke riƙe da ƙasar tudu, sabon dashe kuwa ba shi da saiwa. Ruwa ya kwashe takin Kurege da ƙasarsa kaf, ya gangaro da su, kunyoyin Jatau suka tare. Dawa ta tashi, zangarniya har tana rinjayar kara. Rumbu ya cika, aka gina na biyu.

Kurege ya zo yana haki. "Jatau, ƙasata! Ka ba ni ƙasata!"

Jatau ya ce, "Ƙasa ce ke tafiya, ba ni ba."

Sarkin Noma ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Aka kira gayya, aka mayar da iyaka inda take. Jatau bai riƙe Kurege a rai ba, ya aika masa da damin dawa. 'Yan'uwan Jatau suka ji labari suka biyo shi, gida bakwai ya zama gari har da kasuwa.

Kurege kuwa har gobe tona yake yi ko'ina, ƙasarsa yake nema. Don haka, yara, kada ku taɓa iyakar maƙwabci, ba ku san abin da take tare muku ba.

Ƙurunƙus, kan kurege!