Murfin Rijiyar Baba

Ku matso, ga wata magana da nake so ku yanke mini hukuncinta.

A wani gari, kwata ɗaya ce ta raba unguwar marina da ta mahauta. Manya suna gaisawa a masallaci, amma yara ba sa ga maciji. 'Ya'yan marina suna cewa na mahauta warin jini suke yi. Su kuma suna cewa hannun ɗan marini ko an wanke shi da sabulu ba ya tsarkaka. Duk wanda ya kula ɗan wancan ɓangare, abokansa su daina wasa da shi.

Wata Juma'a, maza suna masallaci, Uwani, 'yar mahauci mai shekara biyar, ta bi kazarta ta tsallake kwata har karofi, wurin da ake rini. Ba ta taɓa zuwa ba, don haka ba ta san murfin ciyawar da ke gabanta rijiyar baba, wato ruwan shunin rini, yake rufewa ba. Ta taka, ta rufta.

Barira 'yar marini ce ta gani. Ƙawayenta suka ce ta yi shiru, kada a ɗora musu laifi. Ta fizge hannunta, ta ruga unguwar mahauta tana kiran mutane. Jifa aka fara yi mata kafin a saurare ta.

Mudi ɗan marini, wanda har yanzu goshinsa da tabon dutsen yaran mahauta, ya ɗauko doguwar sandar motsa baba ya zura. Ya kwanta a bakin rijiyar yana cewa, "Riƙe da kyau, ƙanwata, kada ki saki." Haka ya tallafe ta har hannuwansa suka mutu, amma ya kasa ɗago ta.

Hambali, shugaban yaran mahauta, wanda ya rantse ƙafarsa ba za ta taka karofi ba, ya zo da igiyar ɗaure shanu. Ya ɗaure ƙugunsa, yaran unguwannin biyu suka riƙe igiyar, ya shiga ruwan da yake tsoro ya fito da yarinyar da ranta.

Washegari mahaifin Uwani ya jawo tunkiya ɗaya tak, ya ce ta wanda ya ceci 'yarsa ce. Nan take yaran suka sake rabuwa, kowa ya goyi bayan na unguwarsu.

To, ku da ba marina ba, ba mahauta ba, wa za ku miƙa wa igiyar tunkiyar nan?