Mutum Ɗaya Da Ya Duba Hoton Baba Sumana

A garin Gaya, wanda ke bakin kogi kusa da iyaka, akwai wani dattijo da ake kira Baba Sumana. Ya daɗe yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Yamai, har bayansa ya gaza, ya ajiye tuƙi ya dawo gida.

Gidan da ya tarar ba wanda ya sani ba ne. 'Ya'ya duk sun watse. Mazan suna Yamai wajen nema, autarsu Nuriya tana aure a Binin. Matarsa Zeinabu kuwa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Bakinta ya karkace, magana ta yi mata nauyi. Matar da a da ba a raba ta da hira, yanzu sai ta wuni tana kallon bango ba ta ce uffan ba.

Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta koko a baki. Wata maƙwabciya ke shigowa ta yi mata wanka ta dafa musu abinci. Idan barci ya ɗauke ta bayan la'asar, sai ya ja ƙofa a hankali ya gangara bakin kogi.

Nuriya ce ta aiko masa da portabul, wato wayar hannu, mai kyamara, don ya riƙa turo mata hoton mahaifiyarta. Da haka hannunsa ya saba. Ya fara ɗaukar masunta, da kwalekwalen da ke ƙetarawa garin Malanbil a ɗaya gefen kogin, da mata masu ƙyafa kifi. A nan ne kawai yake jin kamar yana da wani aiki a duniya bayan jinya.

Wata rana ya kai portabul ɗin gyara shagon wani mai suna Sanusi, kusa da otogar, tashar motoci. Sanusi ya ga hotunan, ya ce, "Baba, ashe kai ma namu ne! Muna da gurup a WhatsApp na masu son ɗaukar hoto. Ni ne shugaba. Bari in saka ka."

Tun daga ranar, duk hoton da Baba Sumana ya tura, sai yabo ya yi ta zuba.

"Ma sha Allah, Baba!"

"Kai, ka fi mu duka!"

Wasu ko rubutu ba sa yi, fure suke turowa ko babban yatsa. Shi kuwa sai ya zauna a gindin mangwaron gidansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi shi kaɗai.

A cikin gurup ɗin akwai wani malamin lekol, wato makarantar boko, mai suna Mushe Bilal, mutumin Maraɗi da aiki ya kawo Gaya. Iyalinsa suna can gida, shi yana haya a ɗaki ɗaya. Bai cika magana ba.

Ran nan Baba Sumana ya tura hoton wani masunci yana jefa koma. Yabo ya zubo kamar kullum. Can ƙasa sai ga dogon saƙo daga Mushe Bilal:

"Baba, barka da ƙoƙari. Ka kama lokacin da komar ta buɗe a sama, kuma wannan sai mai haƙuri. Na daɗe ina nema ban samu ba. Abu biyu na gani, in ka yarda. Rana tana bayan mutumin, shi ya sa fuskarsa ta yi baƙi, ba a gane shi. Da ka zagaya ranar ta koma bayanka ko gefenka, da mun gan shi sarai. Sannan kogin ya karkata, kamar ruwan zai zube gefe ɗaya. In ka daidaita hannu, hoton nan ba ƙarami ba ne."

Baba Sumana ya karanta, ya ji zuciyarsa ta yi zafi. Yabon da ke farkon saƙon bai ma gan shi ba. "Baƙi" da "karkata" kawai suka tsaya masa a rai.

Sanusi ne ya fara amsawa. "Mushe, nan ba aji ba ne. Baba ya haife ka."

Wani ya ce, "Baƙo bai san manyan gari ba."

Wata ta ce, "In ka iya, turo naka mu gani."

Mushe Bilal ya rubuta, "Ban yi don raini ba, wallahi. Baba, in na ɓata maka rai ka yafe mini."

Kowa yana jiran abin da dattijon zai ce. Kalma ɗaya daga gare shi da ta kashe maganar. Ya ga saƙon, ya kife portabul ɗin a kan tabarma, ya tashi ya shiga ɗaki. Kafin magariba Sanusi ya cire Mushe Bilal daga gurup.

Aka ci gaba kamar da. Hoto, yabo, fure.

Har wata safiya da Baba Sumana ya zo tura hoton mata masu shanya shinkafa. Zeinabu ta yi tari, ya danna da sauri ya ajiye ya je wurinta. Sai da ya gama ba ta magani ya dawo ya duba.

Ashe ba hoton shinkafar ya tura ba. Wani ne da portabul ɗin ya ɗauka da kansa cikin kuskure: rabin ƙafarsa, da silifa, da ƙasa, duk a dushe.

A ƙarƙashinsa an rubuta:

"Ma sha Allah, Baba!"

"Wannan ya fi na jiya!"

Sanusi ya turo babban yatsa.

Baba Sumana ya daɗe yana kallon ƙafar tasa. Ya koma baya yana duba tsofaffin hotunansa. Kalmomin nan dai su ne, daga mutanen nan dai. Babu wanda ya taɓa ambaton abin da ke cikin hoto ko sau ɗaya, in ba mutum ɗaya ba.

Ya so ya faɗa wa wani, ya waiwaya babu kowa. Zeinabu tana kallon bango.

Bayan 'yan kwanaki Nuriya ta aiko da saƙon murya. Cikinta ya tsufa, ba halin tafiya.

"Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya. Duk hoton Inna da kake turowa ba na ganin fuskarta, inuwa ce kawai a bakin ƙofa. Ɓoye mini kake yi? Jikin ya yi tsanani ne? Ba na iya cin abinci saboda tunani."

Ya buɗe hotunan Zeinabu. A kowanne tana zaune, ƙofa a buɗe a bayanta, haske ya cika wurin, ita kuwa fuskarta baƙi ƙirin. Abin da malamin lekol ya gaya masa ke nan, shi ya ƙi ji.

Washegari ya roƙi maƙwabciya ta zauna da Zeinabu, ya hau kabu-kabu ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan hayar Mushe Bilal. Ya same shi a ƙofar ɗaki yana dafa shayi, kofi ɗaya a gabansa.

Da Mushe Bilal ya ji sunan baƙon, sai ya miƙe da sauri.

"Baba, ai na ba da haƙuri tun ran nan."

"Zauna, Mushe. Ba kai za ka ba da haƙuri ba." Dattijon ya zauna a bakin tabarma da ƙyar saboda bayansa. "Mutane da yawa sun yabe ni, kai kaɗai ka duba. Aka yi maka caa ina gani, na yi shiru. Na zo ka yafe mini, kuma ka koya mini."

Mushe Bilal ya sunkuyar da kai. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani kofi, ya wanke ƙurar da ta hau shi, ya zuba wa baƙonsa shayi.

Da la'asar suka gangara bakin kogi tare. Mushe Bilal bai karɓi portabul ɗin daga hannunsa ba. Tsayawa ya yi a gefensa yana cewa, "Duba inda rana take tukuna. To, zagaya. Matsa kusa, Baba, kar ka ji nauyi. Riƙe da hannu biyu." In hoto ya fito, sai ya fara faɗin abin da ya yi kyau, sannan ya nuna abu ɗaya da za a gyara, ba ya tara masa su duka.

Da suka zauna hutawa, Baba Sumana ya ce, "Kawo naka in gani."

Ya daɗe yana dubawa. Kwalekwale a ɗaure. Gada daga nesa. Koma a rataye a kan icce.

"Mushe, naka sun fi nawa tsabta, komai a miƙe. Amma ina mutanen? Duk garin nan ba ka ga mutum ko ɗaya ba?"

Mushe Bilal ya yi ɗan murmushi. "Ba na jin Dendi, yaren garin nan, Baba. Kunya nake ji in tsayar da mutum. Sai in jira kowa ya wuce."

"Tashi mu je."

Baba Sumana ya ja shi wurin wasu masunta da ke ɗinkin koma. Ya ce, "Ka ce musu fofo, sannu ke nan da Dendi." Mushe Bilal ya ce, "Fofo." Suka amsa da dariya, suka juya zancen zuwa Hausa, wani ya matsa masa wuri a kan kwalekwale. Ranar Mushe Bilal ya ɗauki hoton mutum na farko a Gaya, wani tsoho da allura a baki.

A hanyar komawa Baba Sumana ya ce, "Gobe zan yi wa Sanusi magana ya mayar da kai gurup."

Mushe Bilal ya girgiza kai.

"Baba, ba zan daɗe a Gaya ba. Gurup ɗin nan shi ne kawai wurin da nake hira da mutanen gari. Da aka cire ni, sai na ga ba ni da kowa a nan. Na roƙi a mayar da ni wajen gida, kuma an amince. Ƙarshen watan nan zan tafi."

Dattijon ya tsaya cak a kan hanya.

"Ba a iya fasawa?"

"An riga an ba wani wurina."

Sauran kwanakin kullum suna bakin kogi tare, amma ba su yi yawa ba. Baba Sumana ne ya raka shi otogar, ya tsaya har motar ta ɓace. Ya rubuta a gurup cewa Mushe Bilal gaskiya ya faɗa, shi ne ya yi kuskuren yin shiru. Mutum biyu suka ce Allah ya kyauta. Sauran suka turo fure.

Da safe, bayan an yi wa Zeinabu wanka, ya juya kujerarta ta yadda hasken ƙofa zai faɗo mata ta gefe. Ya durƙusa a gabanta duk da ciwon baya, ya riƙe portabul da hannu biyu. Bai danna ba. Hira ya fara yi mata da Dendi, labarin ranar da ya dawo daga Kwatano da atamfar da ta ce ko akuya ba za ta ɗaura ba.

A hankali ta ɗauke ido daga bango ta dube shi. Ɓarin bakinta mai lafiya ya motsa. Ya danna.

Ya kai mata hoton kusa da fuska. Ta kalla, ta sake kalla. Sai ta buɗe baki da ƙyar, ta ce da Dendi:

"Kallabin ya karkace. Sake."

Baba Sumana ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Rabon da ya ji ta haɗa magana haka har ya manta. Ya gyara mata kallabin, ya sake ɗauka. Ta duba, ta gyaɗa kai.

Ya tura wa Nuriya. Ba a jima ba ta kira tana kuka tana dariya. "Baba, ga Inna! Ga idonta! Ashe da sauƙi. Wallahi yau zan ci abinci."

Sannan ya tura wa Mushe Bilal a Maraɗi. Amsa ba ta zo da wuri ba. Sai da ya gangara bakin kogi shi kaɗai, ya zauna inda suka saba zama, sannan portabul ya yi ƙara.

"Baba, na daɗe ina dubawa. Hasken ya zauna a fuskarta, kuma da gani kai take kallo, ba kyamara ba. Na nemi abin gyara ban samu ba. A gaida Inna."

Duk yabon da aka taɓa yi masa, wannan kaɗai ya yarda da shi. Ya so a ce mai maganar yana zaune a gefensa.

Darasi: Yabon da ba a duba ba, ba ƙauna ba ce, hanyar wucewa ce da sauri. Idan ɗan'uwanka ya nuna maka aikinsa, tsaya ka duba da gaske, ka fara da abin da ya yi kyau, sannan ka nuna gyara cikin ladabi, tare da yadda za a yi shi. Idan kuma kai aka yi wa gyara, kar zafin rai ya sa ka yi shiru a wulaƙanta wanda ya damu da kai, domin kafin ka gane darajarsa yana iya yin nisa. Ku tura wannan labari a gurup ɗinku, musamman ga mutumin da ya taɓa gaya muku gaskiya kuka ji haushinsa.